Kafin Alƙalami a Guangzhou

Takardar tana nan har yau a durowar shagona da ke Kantin Kwari, na naɗe ta cikin leda. Rasit ne ɗan ƙarami mai jan hatimi, na shekarar 2019, wanda aka ba ni a wani shago a kasuwar yadi ta Zhongda da ke Guangzhou a ƙasar Sin, ranar da na biya kafin alƙalami na wani kaya. Mako biyu suka wuce, kuɗin da nake jira daga gida bai iso ba, na koma na ce a maido mini da abin da na ajiye. Mai shagon ko murya bai ɗaga ba. Ya ɗauko tasa takardar, ya ɗora yatsa a kan baƙi guda ɗaya, ya girgiza kai. Yuan dubu goma sha takwas suka tafi a kan wannan baƙin.

Na daɗe ina riƙe da tafintan da ya raka ni a zuciya, domin shi ya ce mini kuɗin ajiya ne, ana maidowa. Sai da na nuna takardar ga wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun likita a can, sannan na gane yadda abin yake. A Sinanci kalma biyu ake da ita ta kafin alƙalami, kuma a baki ba su da bambanci ko ƙanƙani: duka biyun dingjin ake cewa, da karin sauti iri ɗaya. Sai a takarda suke rabuwa. In an rubuta 订金, wani ɓangare ne na kuɗin kaya aka ba da, in ciniki ya watse ana iya maido maka. In kuwa 定金 aka rubuta, jingina ce a idon doka: mai saye in ya janye ya yi asara, mai sayarwa in ya saɓa ya biya ninki biyu, kuma dokar ta ce kada ya wuce kashi ashirin cikin ɗari na kuɗin cinikin. Tafintana da kunne ya koyi harshen, a bakin kasuwa. Abin da ya ji shi ya faɗa mini. Takardar kuwa ba wanda ya karanta ta, ni da shi.

Da na dawo na ba kawuna labari, shi da ya fara kai ni ƙasar Sin, ya ce, “Yaro, shekara goma sha biyar ina zuwa garin nan, da kalkuleta nake ciniki. Ka bar wa masu abu abinsu.” Na ce, “Kawu, gaskiya ne, amma kalkuleta ba ta karanta rasit.” Bai ce komai ba. Korona ta zo ta rufe hanya, na shafe shekarun nan ina duba baƙaƙen Sinanci a waya in kasuwa ta yi sanyi. Ina gane su da rana, kafin gari ya waye sun zube. Kamar ɗiban ruwa da kwando.

A watan Oktoban 2024 na sake komawa, ta Adis Ababa, lokacin baje kolin Canton (sunan da Turawa suka san Guangzhou da shi), wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957. A filin jirgin Baiyun na ɗaga kai na ga 出口 a wani koren allo, sai na ji bakina ya ce “mafita” kafin idona ya sauka kan Turancin da ke ƙasa. Na biyun, ɗan murabba'in nan, baki ne, kuma ƙofa ce. Na farkon fita ne. Kalmar dai ita ce kuma ake rubutawa a takardun fitar da kaya zuwa waje, abin da ya kawo ni ke nan. Na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi canji, na sauka a tashar 小北, Xiaobei, wato “ƙaramar arewa”. Unguwar ta rage cika in an kwatanta da yadda na bar ta. Da can in ka tsaya a gadar masu tafiya da ƙafa kusa da ginin Tianxiu, sai ka ji Hausa da Ibo da Bambara da Faransanci cikin minti ɗaya. Yanzu ma ana ji, amma jefi-jefi.

Yunwa ce ta fara zama malamata. A wurare da yawa an cire rubutun Larabci daga allunan shagunan abinci, saboda haka Musulmin da ke neman halal da ido dole ya san baƙi biyu: 清真. Qingzhen ake faɗa, tsarki da gaskiya. In an ƙara 寺 a baya ya zama masallaci. Sai kuma dabbobi: 牛 saniya, 羊 tunkiya ko akuya, 鸡 kaza, 鱼 kifi, da wanda ake gudu, 猪. Akwai tarko a nan da nake so kowane ɗan uwa mai zuwa ya sani. 肉 nama ne, amma in ka gan shi shi kaɗai a jerin abinci na shagon da ba na Musulmi ba, ba a ce na saniya ko na rago ba, to galibi naman alade ake nufi. Waya za ta fassara maka shi da “nama” kawai, ta yi shiru.

A wani lungu bayan masaukina akwai shagon taliyar Lanzhou, irin wadda ake ja da hannu a gabanka. Masu shagon 'yan ƙabilar Hui ne daga lardin Qinghai, kamar yawancin masu irin wannan sana'a. Tsohon gidan yana zama kusa da ƙofa da farar hula, ɗansa yana jan taliya, surukarsa tana karɓar kuɗi, jikarsa kuwa, yarinya 'yar shekara takwas, tana teburin ƙarshe kullum bayan magariba da littafin aikin gida. Na yi sallama, tsohon ya amsa da cikakkiyar amsa, ya ce mini duositi. Aboki ke nan a bakin Musulmin can, kalma ce da ta zo musu daga Farisanci. Dare na uku na fito da ɗan littafina ina kwafar 清 daga jikin bango. Yarinyar ta zagayo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Shushu, bu dui.” Kawu, ba haka ba ne.

Na duba nawa, na duba na bango, ban ga inda suka saɓa ba. Ashe ba siffar take magana a kai ba, hanyar da na bi ce. Ni zana shi nake yi kamar mai kwafar hoto, in fara daga duk inda hannu ya faɗa. Ta karɓi fensir, ta buɗe nata littafin. Kowane shafi an raba shi gida-gida, kowane gida an tsaga shi huɗu da layi mai ɗigo-ɗigo, ya yi kama da 田, baƙin gona, da sunansa ma ake kiran irin wannan littafi. Ta rubuta 清 tana ƙirgawa da ƙarfi, yi, er, san, har goma sha ɗaya. Hagu kafin dama. Sama kafin ƙasa. Layin kwance kafin na tsaye. In akwai ɗaki, a gina bango, a shigar da kaya, sannan a rufe ƙofa daga ƙasa. Washegari na sayi nawa littafin mai gida-gida a wani kanti, irin na 'yan aji ɗaya.

A nan ne na gane abin da ya hana karatun waya zama a kaina. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan. Malam bai taɓa nuna mana babbaƙu ya ce mu kalla ba. Alƙalami ya ba mu da tawada, mu rubuta, mu biya, mu wanke, mu sake. Hannu yana da tasa haddar, dabam da ta ido. Baƙin da na rubuta sau talatin bisa tsari ɗaya, da safe in na rufe ido yatsana yana bin sa a kan cinya ba tare da na yi tunani ba. Wanda na kalla sau ɗari a waya kuwa, in aka ce rubuta, sai in ga inuwarsa kawai. Su kansu Sinawa suna kukan wannan. Suna da magana a kai, tibi wangzi: ka ɗauki alƙalami, baƙi ya ɓace maka. Yanzu kowa da pinyin yake rubutu a waya, tsarin nan na haruffan boko da aka kafa a 1958: ka buga sauti, waya ta jero baƙaƙe, ka zaɓa. Da idona na ga wani dillali mai digiri ya tsaya cak a tsakiyar rubuta rasit, ya zaro waya ya duba.

Na tambayi ɗalibin nan na Zariya, baƙi nawa ne duka? Ya ce jerin da gwamnati ta fitar a 2013 yana da 8,105, amma matakin farko, na amfanin yau da kullum, 3,500 ne. Gabana ya faɗi. Ya ce, “Yaya, kai ba jarida za ka karanta ba tukuna. Fara da kasuwarka.” Shawarar da ta fi kowace amfani ke nan. Na bar jerin da ke cikin waya, mai koya wa mutum sunan 'ya'yan itatuwa da wasanni. Kullum in na fita sai in ɗauki hoton abin da ke manne a jikin dila, da rasit, da allon shago, da dare in kawo teburin ƙarshe.

Da aka kwana biyu sai baƙaƙen suka daina zama mini kurmi. Yawancinsu haɗi ne na gida biyu: ɓangare ɗaya yana nuna dangi, ɗayan yana nuna sauti. Na dangin nan kamar tsagar fuska yake, da ka gani ka san gidan da mutum ya fito ko ba ka san sunansa ba. Ɗigo uku a hagu, dangin ruwa ne. Ɗan zare mai lanƙwasa, 纟, dangin siliki ne, kuma a kasuwar yadi duk inda ka juya shi ne: 线 zare, 纱 zaren saƙa, 织 saƙa, har da launi, 红 ja, 绿 kore, domin a jikin zare mutanen da suka san rini. Ɗan Kano da ya taso yana wucewa ta Ƙofar Mata ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ɓangaren sauti kuma ga misalinsa: 马 doki ne, ma. Ka sa masa mace a gefe, 妈, ya zama uwa. Ka sa masa dutse, 码, ya zama yadi na awo, wanda nake saye da shi. Babu ruwan uwa da doki, sautin kawai aka ara. Karin sautin nan huɗu da ke firgita Turawa bai ba ni tsoro sosai ba. Mu da muke raba kukan yaro da kukar miya da hawa da saukar murya kaɗai, kunnenmu ya riga ya san aikin, sai dai a saba da sabon kari.

Amma baƙin da ya tsayar da ni shi ne 贝. Na lura yana ta bibiyata a takardun ciniki: yana ƙarƙashin 货, kaya, yana ƙarƙashin 贵, tsada, yana cikin 费, kuɗin aiki, da 账, lissafin bashi, da 赔, biyan diyya, da 赚, cin riba. Na tambayi yarinyar, ta zana mini wani abu kamar ƙwanso. Ban gane ba. Kakanta ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da wani tsohon maɓalli da aka rataya wa ado, ya ajiye a gabana. Wuri ne. Wuri dai namu, fari, mai tsaga a ciki.

Na daɗe ina juya shi a hannu. Mutanen daular Shang, fiye da shekara dubu uku da suka wuce, da wuri suke auna dukiya. Daga baya na karanta cewa a kabarin wata matar sarki mai suna Fu Hao, da aka tono a Anyang a 1976, an sami wuri kusan dubu bakwai. A yankin Anyang ɗin ne kuma aka samo ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru masu ɗauke da mafi tsufan rubutun Sinanci da aka sani. Wurin ya bar kasuwarsu tun tuni, amma ya maƙale a rubutu. Mu kuma a baki ya maƙale mana. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, kuma har gobe in ciniki ya faɗa muna cewa wuri na gugar wuri, alhali yawancinmu ba mu taɓa sayen ko goro da shi ba. Na yi ƙoƙarin gaya wa tsohon wannan da guntun Sinancina da waya. Ya gane. Ya ɗauki fensir ya rubuta mini saye da sayarwa a tsohon rubutu, 買 da 賣, irin wanda Hong Kong da Taiwan ke amfani da shi har yanzu. Ga wuri nan zaune a ƙasan kowanne. Gyaran da aka fara a 1956 don sauƙaƙa rubutu ya rage layuka, suka koma 买 da 卖, wurin ya fita. Na fahimci dalilin gyaran, domin hannuna ya ɗanɗana wahalar layi goma sha biyar, amma na ji zafin fitar wurin nan.

Su kuwa 买 da 卖, duka mai ake cewa, kari ne kawai ya bambanta. Na rarrabe su da hanyar gida: mai sayarwa yana da kaya a ka, kamar 'yar talla da farantinta, mai saye kansa babu komai. Ka haɗa su biyun, 买卖, ka sami kasuwanci.

Ranar Juma'a tsohon ya ce mu tafi tare. Muka je masallacin da ke kusa da lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da Musulmin Sin suke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Malamanmu na tarihi sun ce a Madina aka binne shi, amma mutanen nan sun riƙe wurin da daraja ƙarni bayan ƙarni, kuma sahu ya cika da Hui da Larabawa da 'yan Pakistan da mu. Bayan an idar muka zauna a inuwa, ya zaro wani ɗan littafi da ya tsufa daga aljihu, na mahaifinsa. Haruffan Larabci ne, da wasali cikakke. Na fara karantawa, bakina yana fitar da sauti amma ba Larabci ba ne. Ya yi murmushi ya ce xiao'erjing. Sinanci ne da haruffan Larabci. Ajami ke nan, ba ragi ba ƙari. Mahaifinsa bai iya baƙaƙen Sinanci ba, da wannan yake rubuta wasiƙa da lissafi. Na karɓi alƙalami na rubuta masa “sannu da aiki” da ajaminmu, ya karanta shi daidai, bai san me ya faɗa ba. Muka yi ta dariya. Shi ma, ya ce, sai da ya girma ya koyi baƙaƙen gwamnati, saboda takardun shago. Ya dafa hannuna ya ce, “Manman lai.” A bi a sannu.

A kasuwa kuwa abin ya fara biya tun kafin in cika baƙi ɗari da hamsin. Lambobi suna da sauƙi, 一 二 三, layi ɗaya, biyu, uku. Sauƙin ne ma ya sa ba a yarda da su a takardar kuɗi, tunda ƙaramin jan alƙalami yana mayar da ɗaya ya zama uku ko goma. Don haka akwai wasu lambobin na musamman masu wuyar sauyawa, 壹 贰 叁, su ne a rasit da takardun banki, su ne kuma a jikin kuɗinsu: takardar yuan ɗari 壹佰圆 aka rubuta mata. Sai 万, dubu goma. Mu da dubu muke ƙirga, su da dubu goma. Dubu ɗari a wurinsu “goma na 万” ne, miliyan kuma “ɗari na 万”. Na san wanda sifiri ɗaya ya ruɗa a nan ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. Haka 折: in ka ga 8折 a shago, ba kashi takwas aka rage ba, ba kuma tamanin ba, kashi tamanin za ka biya. Kwanan wata daga shekara ake farawa, 年, sai wata, 月, sai rana, 日, kuma baƙin wata da na rana su ne dai na farin wata da ranar da ke sama.

Wani abin da ya burge ni shi ne yadda suke rubutu a tafin hannu. In magana ta rikice, sai mutum ya buɗe hannun hagu ya zana baƙin da yatsan dama, ɗayan ya bi motsin da ido ya ce, “O!” Ga amfanin bin tsari: wanda ya san hanyar layuka yana karanta rubutun da ba tawada. Wata tsohuwa mai sayar da maɓallai a Zhongda, harshen Canton ne a bakinta, Mandarin ɗina, wato Sinancin gama-gari, bai shige ta ba, nata bai shige ni ba. Na buɗe tafina na zana 白, fari. Ta juya ta ɗauko farare. Ita da mutumin Beijing ba lallai su ji maganar juna ba, amma baƙin ɗaya suke karantawa, kowa da yadda yake furta shi. Tun zamanin sarkin Qin da ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa aka daidaita rubutun, shi ne igiyar da ta ɗaure su.

A mako na uku na hau jirgin ƙasa mai gudu daga tashar kudu, 南, zuwa tashar gabas ta Hangzhou, 东, tafiyar wajen awa bakwai, allon cikin jirgi yana nuna kilomita ɗari uku a awa. Daga can na wuce Keqiao da ke Shaoxing, garin gadoji da magudanan ruwa, inda babbar kasuwar yadi take. Kwana biyu ina yawon duba samfur. Rana ta uku masana'antar da muka daidaita da ita ta ce sai gobe takarda za ta fito, sai na ɗauki mota zuwa Lanting, a kudu maso yammacin birnin.

A nan ne, a shekara ta 353, Wang Xizhi ya zauna da abokansa a bakin rafi, ya yi rubutun da Sinawa har yau suke ɗauka a matsayin ƙololuwar kyan hannu. Wuri ne mai gora da tafkin dinya. Abin da ya riƙe ni shi ne wani fili da aka jera randuna goma sha takwas cike da ruwa, da allunan dutse, da alƙaluman gashi. Kowa yana tsoma alƙalami a ruwa ya rubuta a dutse, iska ta busar, na baya ya zo ya rubuta nasa. A gefe akwai dutse mai baƙi guda, 太. Labarin da suke bayarwa shi ne, ɗan Wang Xizhi ya tambayi ubansa sirrin rubutu, ya nuna masa randunan ya ce sai ka ƙarar da ruwan nan. Wata rana yaron ya rubuta 大, uban ya ɗiga ɗigo a ƙasa ya zama 太. Da yaron ya kai wa uwarsa aikinsa, ta duba duka ta ce ɗigon nan kaɗai ne ya yi kama da hannun babanka. Na tuna baƙaƙen allo, ba da ta da sa, yadda ɗigo yake raba su. A nan ma haka: 大 babba, 太 ya yi yawa, in ɗigon ya hau kafaɗa, 犬, kare ne. Na tsoma alƙalami na rubuta abin da na fi faɗa a ƙasar, 太贵了, ya yi tsada. Wani dattijo da ke kusa ya karanta da ƙarfi, ya yi dariya, sannan ya kama hannuna ya nuna mini yadda ake danna alƙalami a ƙarshen layi kafin a ɗaga.

Washegari aka kawo takardar yarjejeniya, shafi biyu. Ba zan ce na karanta ta duka ba. Da waya da wani tafinta muka bi ta layi-layi. Amma wurare biyu idona ya riga su. Na farko a bayanin kaya. Na nemi yadi mai rinjayen auduga, wanda zai yi wa mutanenmu daɗi a zafin Kano. A takarda an rubuta 涤棉. Na san 棉, auduga: itace a hagu, farin ƙyalle a dama. Na san 涤, roba. Na kuma san al'adarsu cewa wanda ya fi yawa shi ake sa wa a gaba. Wayar ta fassara shi da “roba da auduga”, ba ta ga laifi ba. Na ɗora yatsa na ce, “Laoban, bu dui.” Maigida, ba haka ba ne. Na juya bayan samfur na rubuta 棉涤, na ƙara adadin kashi a gefe. Ya dubi rubutun, ya dube ni. Ya kira akawunsa, suka yi magana, ya ce tsohuwar takarda ce aka kwafa. Ko haka ne ko ba haka ba, an gyara.

Na biyu yana ƙasa, wajen biyan kuɗi: 定金. Mai rufin ɗaki a ka, wanda ya ci ni shekara biyar da suka wuce. Na rubuta 订 a gefensa, mai alamar magana a hagu, na ce wannan nake so. Ya girgiza kai. Ya ce, ta bakin tafinta, “Aboki, launin nan naka ne, don kai za a rina. In ka tafi wa zan sayar wa?” Na yi shiru, domin ni ma mai shago ne, na san zafin kayan da aka yanka aka bari. Na ce to, na yarda da 定, amma a rubuta ranar da kaya zai fita, shekara da wata da rana, a kuma rubuta a fili cewa in ya saɓa zai biya ninki biyu. Ya ce ai doka ta riga ta faɗa. Na ce a rubuta dai. Aka rubuta 双倍, na bi layukan da ido har aka gama. Kuɗin wannan karon yana hannuna kafin in zauna. Na sa hannu, na ƙara 卡诺 a ƙarƙashin sunana, Kano, shi kuma ya hura jan hatiminsa ya danna.

Daren da zan bar Guangzhou na koma shagon taliya da dabino da turare na tsohon, da fensira masu launi na yarinyar. Ta ce sai ta yi mini shifta kamar yadda ake yi musu a makaranta. Kalma ashirin ta karanto, na rubuta, ta karɓa da jan biro. Goma sha shida ta ba ni. Cikin huɗun da ta zagaye har da 棉, wanda na yi ciniki da shi a Keqiao. Ta nuna mini cewa itace in ya koma gefe don ya ba wani wuri, ƙafarsa ta dama ba ta miƙewa, ɗigo take zama. Ta rubuta mini ɗaya a gidan farko na sabon shafi, ta ƙirga gida goma da bakin biro, ta ce, “Shushu, kafin ka dawo.” Na cika shida a filin jirgin Baiyun, sauran huɗun a Adis Ababa ina jiran jirgin Kano.